Muryar Mayo, Fitowa ta 612

Duk wanda ya yi wayo a Mubi kafin gudu ya san Muryar Mayo. Mayo shi ne kogi da Fulatanci. Jarida ce mai shafi huɗu, biyu da Hausa biyu da Turanci, tana fitowa bayan mako bibbiyu. Malaman makaranta uku suka kafa ta a 1987, da tafireta ɗaya da injin kwafi na hannu wanda ake murzawa kamar injin markaɗe. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya bi siyasa, aka bar Malam Tizhe shi kaɗai da ita shekara ashirin da 'yan kai. Ba ita ce ta fari ba. Kafin ta an yi wata 'yar takarda da ɗaliban kwaleji ke liƙawa a bango, bayanta kuma an yi jaridun zaɓe har uku, waɗanda ke tsirowa da kamfen su bushe ranar rantsuwa. Muryar Mayo ce ta zauna, don ita ke faɗa maka farashin sa a kasuwar shanu, da wanda ya haihu, da wanda ya rasu, da gadar da ruwa ya ci a hanyar Maiha. Direbobi ke kai ta Michika da Hong. Wanda bai iya karatu ba kuwa, a tasha ake karanta masa, a fassara masa da Fulatanci ko Kamwe ko Gude.

Abin da ya sa aka yarda da ita doka ɗaya ce, wadda Malam Tizhe ke kira baki biyu. Labari ba ya shiga sai mutum biyu sun gani da idonsu, kuma kada su kasance 'yan gida ɗaya, ko masu ibada wuri ɗaya. Mutane sun sha zaginsa a kan wannan. A kawo masa zance da zafinsa, ya gyara tabarau ya ce, "Ina bakin na biyu?" Har a majalisa, in gardama ta yi tsawo, sai wani ya ce, "To, Muryar Mayo ta buga?" In ta buga, magana ta ƙare.

Sau ɗaya tak ya karya dokar, kuma daga wannan fitowar jaridar ba ta sake fita ba. Wannan ita ce ta ɗari shida da sha ɗaya, a farkon 2015.

Shekara goma bayan haka, da hantsi, yana zaune ƙarƙashin mangwaron gidansa a Lamorde yana ɓare gyaɗa, sai wata mata ta yi sallama. Dattijuwa ce, ta yafa lafaya baƙa irin ta mutanen Barno. Ya ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna bakin tabarma.

"Malam, ba ka san ni ba. Sunana Yagana. Ni matar Garbai ce, mai busasshen kifi a babbar kasuwa. Ya rasu, jiya na fita takaba."

"Allah ya ji ƙansa. Na san shi, mutumin kirki ne."

"Ba ka san shi ba," in ji ta, ba da faɗa ba. Ta kwance bakin lafayarta ta fito da wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi, ta shimfiɗa a gabansa.

Bai buƙaci tabarau ba. Shi ya rubuta kanun: MAI GAWAYI YA NUNA GIDAJENMU. A ƙasa ga sunan Ezekiya, mai gyaran famfon burtsatse na unguwar, ɓaro-ɓaro.

Ga yadda abin ya kasance. Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, kowa ya yi ta kansa, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola a ƙafa. Wanda ba ya iya tafiya aka ja masa ƙofa, aka ce gobe a dawo. Goben nan ta zama makonni. Malam Tizhe ma haka ya bar mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon ƙafa, da tulu ɗaya na ruwa, ya kai matarsa da jikoki bayan dutse da niyyar ya juyo, hanya ta rufe. Da aka dawo, sai aka tarar da zanen gawayi a ƙofofi goma sha uku na Lamorde: da'ira, da sanda ɗaya ko biyu a ciki. Tara daga cikinsu an ja musu layi a gicciye, kuma duk gidan da aka ja wa layi akwai sabon kabari a bayansa. Gidan Malam Tizhe na cikin taran. Wani maƙwabci da ya ɓuya a saman rufi ya rantse ya ga Ezekiya, sanye da hula da jallabiya, yana zana ƙofa da tsakar rana ba ko tsoro. Kirista da hula da jallabiya, yana yawo a garin da kowa ya gudu? Me ya rage a tambaya? Baki ɗaya ne, amma Malam Tizhe yana tsaye a kan kabarin uwarsa. Ya buga.

Ba a kashe Ezekiya ba, Allah ya sa akwai dattawa. Amma an jefi rufinsa, an daina amsa gaisuwarsa, bencin da ya zauna a coci ya zama nasa shi kaɗai. Ya kwashe ya koma Duvu, garin iyayen matarsa, bai ce uffan ba.

"Ruwa suke kaiwa," in ji Yagana.

Malam Tizhe ya ɗago kai.

"Shi da maigidana. Garbai bai gudu ba, yana jin yaren 'yan bindigar, suna ganin shi ba su kula shi. Ezekiya kuwa famfo yake gyarawa ranar, ya makara. Suka haɗu a bakin burtsatse suka ji wata tsohuwa tana kira daga cikin gida. Daga nan suka bi gida-gida. Garbai ya ba shi hularsa da rigarsa don kada a tare shi. Ɗaya ya tura kurar ruwa da safe, ɗaya da yamma. Gawayin nan don kowa ya san gidan da ke da mutum ne, da ko su nawa ne. In tsoho ya cika, su binne shi, su ja layi, kada gobe a ɓata jarka a gidan da babu mai sha."

"Me ya hana su faɗa?" ya tambaya.

"Haba Malam. A wancan lokacin? Mutumin Barno ya fito ya ce ya zauna cikin gari yana yawo da kura, ba wanda ya taɓa shi? Da wa zai ga gawarsa? Ezekiya ya ce masa ya yi shiru, yana da 'ya'ya bakwai. Ya yi shirun, amma shirun ya ci shi. Da ciwo ya kwantar da shi ya ce in na fita takaba in zo in same ka." Ta ɗan dakata. "Ya ce in gaya maka mahaifiyarka ta yi kwana goma sha tara kafin ta cika. Kunun gyaɗa take so, Ezekiya ke dama mata. Idonta ya riga ya tafi, in ya shigo sai ta ce, 'Tizhe, ka dawo?' Shi kuma ya ce, 'Na dawo, Mama.'"

Malam Tizhe bai yi kuka a gabanta ba. Ya zauna da kwanson gyaɗa a hannu har ta yi sallama ta tafi, kaji suka zo suna cin wadda ya ɓare bai kore su ba. Kunya ce ta kama shi.

Washegari ya hau keke zuwa bakin gari, daga nan ya hau mashin zuwa Duvu. Ya tarar da Ezekiya a kwance kan gadon kara a wani ɗaki mai rufin ciyawa, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, wata ƙanwarta ce ke kula da shi. Malam Tizhe ya durƙusa, ya fara jero maganar da ya shirya a hanya, Ezekiya ya ɗaga hannu.

"Malam, bar wannan. Garbai ya tafi ke nan?"

"Ya tafi."

"To, Allah ya ba shi hutu." Ya yi tari, ya huta. "Ba na son gida, ba na son a zo a gaishe ni. Alex nake so."

Alex ɗansa ne, shi ke nan gare shi. Yana koyarwa a wata firamare a Michika, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, amma shekara goma bai taka inda ubansa yake ba. Ko jana'izar uwarsa, a bakin kabari ya tsaya ya juya. Ya cire sunan Ezekiya daga takardunsa ya sa na kakansa.

"Zan je in gaya masa da bakina," in ji Malam Tizhe.

"Bakinka?" Ezekiya ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Uwarsa ta gaya masa da baki, fasto ya gaya masa da baki. Yaron nan da jaridarka ya koyi karatu, Malam. Ni nake sayo ta, ban iya karatu ba, shi yake karanta mini a ƙofar gida tun yana aji uku. Ni da kaina na koya masa cewa abin da Muryar Mayo ta buga babu ƙarya a ciki. Da ta buga ni, wa zai yarda da shi? In za ka yi, ka yi a inda ka yi wancan. Kuma ka yi sauri, likita ya ce ba zan ga girbi ba."

Gero ya riga ya fitar da kai a gonakin da suka wuce a hanyar dawowa.

Buga jaridar da ta mutu shekara goma ba wuya ba ce a zamanin yanzu, kowane lungu akwai shagon kwamfuta. Wuyar tana ga dokar. Yagana baki ɗaya ce, ita ma ji ta yi. Ezekiya kuwa shi ne mai magana, ba ya zama shaidar kansa. Malam Tizhe ya rantse wa kansa ba zai gyara ɓarnar baki ɗaya da wani baki ɗaya ba, ko da kuwa lokaci na ƙure masa. Taurin kai ne, na sani, amma ba shi da sauran abin da zai tsaya a kai in ba wannan ba.

Ya bi gidaje huɗun da ba a ja wa layi ba. Na farko an sayar, na biyu tsohon ya rasu a Yola, na uku ma haka. Kwana uku ya yi yana wannan yawon, kowace safiya yana tunanin ko an aiko daga Duvu. A gida na huɗu ya sami Mama Dorcas, ta haura tamanin, ta makance, amma kanta garau. Ya gaishe ta ya faɗi sunansa.

"Mai jarida?" ta ce. "Ashe goben ta yi."

Bai gane ba, sai da ta tuna masa. Mako guda bayan fitowar nan ta sa jikarta ta ja ta har ofishinsa a bayan tasha, ta ce tana da magana a kan mai gawayi. Yana cikin rubutu, bai ko ɗago ba, ya ce, "Mama, dawo gobe." Ta dawo goben ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta faɗa wa 'ya'yanta, suka ce tsufa ne da firgita, ta yi shiru kada a ce gidansu ma da hannu.

"Mutum biyu ne," in ji ta. "Ɗaya muryar Ezekiya, na san ta, shi ke gyara mana famfo. Ɗaya Hausarsa ta Barebari ce, in ya ajiye jarka sai ya ce, 'Sannu, Iya.' Ranar Lahadi Ezekiya ya kan zauna ya yi mini waƙa ɗaya a hankali, ɗayan yana gadi a bakin ƙofa. Rubuta. Dorcas matar marigayi Ishiyaku, ka sa sunan duka."

Ya koma wurin Yagana ya tambaye ta ko a sakaya sunan mijinta saboda 'ya'yansa na kasuwa. Ta ce ai saboda su ne ma za a sa. Ta kuma kira babban ɗanta, wanda ya tuna da idonsa ya ga rigar ubansa a jikin Ezekiya ranar da suka dawo daga gudu. Baki ya cika biyu, ɗaya daga coci ɗaya daga masallaci.

A shagon kwamfuta, matar da ke bugawa ba ta taɓa jin sunan jaridar ba. Ya ba ta tsohuwar fitowa ta ɗauki hoton kan, da zanen kogi da 'yar gada da ke jikinsa, ta ɗora a sabon shafi. Ya sa ta rubuta lamba ɗari shida da sha biyu. Ya tsaya a kanta har sai da kanun ya yi girman wancan daidai, a gurbin wancan daidai: MUN YI WA EZEKIYA ƘARYA. Ta ce ko a sassauta, a ce an yi kuskure. Ya ce kuskure shi ne ka sa farashin wake a gurbin na gyaɗa. Ya ba da labarin duka, da sunayen tsofaffin goma sha bakwai da suka sha ruwan kurar nan, da ranar rasuwar waɗanda suka cika a lokacin gwargwadon abin da Ezekiya ya iya tunawa. A ƙarshe ya rubuta cewa edita ya buga wancan labarin da baki ɗaya, yana sane, kuma an kawo masa baki na biyu ya kore shi. Ya sa hannu da cikakken sunansa. Sauran shafuka ukun ba shi da abin sawa, ya bar su fari.

Kwafi ɗari biyu ya buga. Ya ajiye wasu a tasha, wasu a ƙofar coci, wasu wurin masu kifi a kasuwa. Matasa suka riƙa juya ta suna tambayar ko talla ce. Amma ya ga wani tsohon direba ya karɓa, ya karanta kanun, ya cire hularsa ya zauna a kan benci. Bai tsaya jin abin da za a ce ba, motar Michika ta cika.

Ya sami Alex lokacin tara, yana tsaye a inuwar aji da alli a hannu, mutum mai kusan arba'in, kamar ubansa sak har tsayuwar. Ya gane Malam Tizhe nan take, ya rusuna.

"Baba, lafiya?"

Malam Tizhe ya miƙa masa jaridar. Alex ya ga kan jaridar ya yi murmushi, irin na wanda ya haɗu da abokin ƙuruciya, kafin idonsa ya sauka ƙasa. Ya karanta a tsaye. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Aka kaɗa ƙararrawa yara suka shiga aji, bai motsa ba.

"Baki biyu?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Biyu. Suna nan da rai, za ka iya zuwa ka tambaye su."

"Wancan fa?"

"Ɗaya."

Alex ya ninke takardar a hankali. "Na tambaye shi, Baba. Ranar da ta fito na riƙe ta haka na ce, 'Gaskiya ne ka sa rigar? Gaskiya ne ka yi zanen?' Ya ce gaskiya ne. Na ce, 'Don me?' Ya yi shiru. Na ce to ai shi ke nan." Ya ɗago ya dubi Malam Tizhe. "Ina da 'ya'ya uku, na gaya musu kakansu ya mutu a gudu."

"Bai mutu ba. Amma ba na ce ya kai mako mai zuwa."

Alex ya shiga ofishin hedimasta, ya fito babu allin. Suka hau mota har Mubi. A hanyar Duvu mashin biyu suka hau, Alex a gaba, bai waiwayo ko sau ɗaya ba. Malam Tizhe yana baya yana addu'ar abu ɗaya kawai, kada su ji kuka daga nesa.

Ba su ji ba. Ƙanwar matar Ezekiya tana shanya kuɓewa a tsakar gida, ta ga Alex ta dafe baki. Ya nufi ɗakin da sauri, amma da ya kai bakin ƙofa sai ƙafarsa ta tsaya. Ya kama asabarin da hannu ɗaya ya kasa ɗagawa. Malam Tizhe ya matso ya yi sallama.

"Malam ne?" Muryar ta fito daga ciki, siririya.

"Ni ne."

"Ka buga?"

"Na buga."

"Ya karanta?"

"Ya karanta, sau biyu."

Ezekiya ya ja numfashi. "Ya yarda?"

Malam Tizhe ya dubi Alex. Hawaye na bin fuskarsa har cikin wuyan riga.

"Ga shi nan a bakin ƙofa, Ezekiya."

"To me yake yi a rana? Ya shigo mana."

Alex ya ɗaga asabarin ya sunkuya ya shiga. Malam Tizhe ya ji ƙarar gwiwoyi sun bugi ƙasa, ya ji an ce "Baba" sau ɗaya. Ya ɗaga ƙafa zai bi, yana son ko kalma ɗaya ce a ce masa, ko ta zagi.

"Malam," in ji Ezekiya daga ciki, "na gode. Amma kai ka jira a waje."

Ya saki asabarin. Matar ta turo masa turmi da ƙafa, ya kife shi ya zauna a gefen kuɓewar, sauran kwafin na kan cinyarsa.